Wayar Da Ke Nuna Inda Yaro Ya Ke: Ina Iyakar Amfaninta A Ƙasar Kucheri?

A 'yan shekarun nan masu sayar da wayar hannu, da samarin da suka san kanta, sukan gaya wa iyaye cewa akwai wata dabara a cikin waya, ba a biyan ko kwabo, wadda in uba ya sa ta a wayar ɗansa, to, duk inda yaron ya sa ƙafa zai riƙa ganinsa a kan taswira, kamar ɗigon tawada a kan farar takarda. A ƙasashen da a ke zaune lafiya wannan magana ta jin daɗi ce kawai, uwa ta san ko ɗanta ya isa makaranta, ko ya tsaya wasan ƙwallo. Amma ga mutumin Kucheri, da na Wanzamai, da sauran garuruwan da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Tsafe ta nufi Gusau, magana ce ta rai. Wanda aka taɓa ɗauke wa ɗa, ko aka ɗauke na maƙwabcinsa, in ya ji an ce ga abin da zai nuna masa inda yaro ya ke, lalle zai kasa kunne.

Don haka muka ga ya kamata mu zauna mu auna wannan al'amari a tsanake, musamman domin malaman makaranta, da akawunan ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi, gama su ne waɗanda talakawa kan je wa da tambaya in sabon abu ya shigo gari. Abin da muka gani, bari mu faɗe shi tun da fari. Dabarar gaskiya ce, tana kuwa da amfani a wurinta. Amma iyakarta ta nuna inda waya ta ke, in akwai sabis, in akwai caji. Ba ta fid da kowa daga daji. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yadda abin ya ke aiki

Kafin mutum ya yabi abu ko ya kushe shi, ya kamata ya san yadda aka ƙera shi. A sararin sama, nisan wajen kilomita 20,000 daga ƙasa, akwai taurarin ɗan Adam kamar 30 na Gwamnatin Amurka, waɗanda a ke kira GPS. Kowannensu yana aiko da saƙo dare da rana, yana faɗin inda ya ke, da daidai lokacin da saƙon ya taso. Babbar waya irin ta zamani tana sauraron waɗannan saƙonni. In ta ji daga taurari huɗu ko fiye, sai ta yi lissafi ta gane inda ta ke a bayan ƙasa, a fili kuskurenta ba ya wuce 'yan mitoci. Rasha da Sin da Tarayyar Turai su ma kowa yana da nasa taurarin, wayoyi da yawa kuwa suna sauraronsu duka.

To, ga inda mutane da yawa ba su lura ba. Wayar sauraro kaɗai ta ke yi, ba ta mayar wa taurari magana. Watau ita ta san inda ta ke, amma uban yaro da ke zaune a gida bai sani ba, sai fa in ta aika masa. Ba ta kuwa da hanyar aikawa sai ta ƙarfen sabis na kamfanin waya, da kuɗin data a layin. In babu ƙarfe kusa, ko an kashe injinsa, ko data ta ƙare, ko batir ya mutu, sai ɗigon nan ya tsaya cik a inda aka yi masa ganin ƙarshe.

Manhajojin da a ke yin wannan aiki da su kyauta ba su da wuyar samu. WhatsApp, wadda kusan duk mai babbar waya ya ke da ita, tun 2017 ta ba da dama mutum ya bar wani ya riƙa ganin tafiyarsa na minti 15, ko sa'a 1, ko sa'a 8. Google Maps ita ma a 2017 ta fito da irin wannan, har tana nuna sauran cajin da ya rage wa wayar. Akwai Family Link ta kamfanin Google, wadda aka yi musamman domin iyaye su ga inda wayar yaro ta ke, su kuma ƙayyade masa lokacin taɓa ta. Masu iPhone suna da Find My. Akwai kuma Life360, ta wani kamfanin Amurka da aka kafa a 2008, wadda ke tara iyali a ƙungiya guda, ta riƙa sanarwa in wani ya isa gida ko ya bar makaranta. Dukansu sharuɗɗansu ɗaya ne: babbar waya a jikin yaron, da caji, da data, da sabis. In ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi.

Abin da ya faru a Wanzamai

Yanzu sai mu ɗauki waɗannan sharuɗɗa mu gwada su da abin da ya auku a ƙasar nan da idon kowa. Kucheri tana cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe, kusa da iyakar Jihar Zamfara da ta Katsina, Wanzamai kuwa maƙwabciyarta ce a kan hanya guda. Ran Jumma'a 7 ga Afrilu, 1 ga watan bai daɗe da wucewa ba, a shekarar 2023, 'yan bindiga suka afka wa mutanen da suka fita daji neman itace a gefen Wanzamai, suka kora kimanin mutum 80, yawancinsu yara da mata. Sai wajen ƙarshen watan aka sako fiye da 70 daga cikinsu, bayan da iyaye suka yi karo-karo suka biya fansa.

Mai karatu ya tambayi kansa, yaro nawa ne a cikin masu zuwa itace ke da babbar waya a aljihu? Yaron da aka aika daji da gatari da igiya, an aika shi ne domin gidan ba su da kuɗin sayen itacen, balle gawayi ko gas. Gidan da ya ke haka, in akwai waya, ƙarama ce mai maɓalli, tana hannun maigida, ita kuwa ba ta ɗaukar waɗannan manhajoji. Manhaja kyauta ce, amma wayar da za ta zauna a ciki ba kyauta ba ce, mafi arharta takan cinye abin da ya kai albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, wanda doka ta yanke Naira 70,000 a 2024. Ga kuɗin caji a garin da wutar lantarki ba ta zama, ga na data, wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yarda a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Ashe yaran da suka fi shiga hatsari su ne dabarar ba ta kai gare su.

Haka kuma in muka duba sauran manyan sace-sacen da aka yi a wannan yanki. Ran 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe 'yan makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, aka karɓo 344 ta gefen Tsafe bayan kwana shida. Ran 26 ga Fabrairu, 2021, aka ɗebi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talatar Mafara, aka sako su ran 2 ga Maris. Duka biyu makarantun kwana ne, inda a bisa al'ada ba a barin ɗalibi ya riƙe waya, cikin dare kuma aka zo, aka tashi yara daga barci, wasu ko takalmi babu. Har wa yau kada mu manta da almajirai, waɗanda iyayensu ke wani gari su suna wani gari. Su ne suka fi kowa nisa da idon uwa da uba, su ne kuma ba wanda ya ke tunanin saya musu waya.

Ko da an yi dace akwai waya a jikin wanda aka kama, kowa ya sani ita ce abin da ɓarayi kan fara karɓewa. Sun san amfaninta sarai, da ita su ke kiran dangi a yi cinikin fansa, har sukan sa katin waya cikin abin da za a kai musu. Ɗigon da uba ke kallo zai tsaya a bakin hanya, ko kuwa ya ci gaba da tafiya a aljihun ɓarawo, yaron yana wani wuri dabam.

Sa'ad da aka rufe layuka

Sharaɗin sabis ma Zamfara ta ɗanɗana shi fiye da kowace jiha. Ran 1 ga Satumba, 2021, aka sace ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. Kwana biyu bayan haka, bisa roƙon Gwamnan lokacin, Bello Matawalle, Hukumar NCC ta umurci kamfanonin waya su kashe ƙarafansu a faɗin jihar, domin a yanke wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu za a yi. Sai ran 1 ga Oktoba aka buɗe wa birnin Gusau, sauran ƙasa kuwa, har da Tsafe da Bungudu, sai wajen ƙarshen Nuwamba. An yi irin wannan rufewa a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna.

Ba mu kawo wannan domin mu yanke hukunci a kan ko rufewar ta yi amfani ba, wannan wata magana ce mai zaman kanta. Abin lura a nan shi ne, kusan wata uku cur, a daidai lokacin da tsoro ya fi yawa, da mai babbar waya da mai ƙarama da marar ko ɗaya duk sun zama ɗaya. Wanda ya ɗora tsaron gidansa a kan manhaja, ya ɗora shi ne a kan abin da takarda ɗaya daga Abuja ta ke iya kashewa cikin dare. Ko ba a rufe ba ma, direbobin da ke bin wannan hanya sun san wuraren da sabis kan ɗauke, balle mutum ya ratse ya shiga gonaki da duwatsu.

Sani bai yi ƙaranci ba

Mu ɗauka duk sharuɗɗan nan sun cika. Yaro yana da waya, ɓarayi ba su gan ta ba, akwai caji, akwai sabis, uba yana ganin ɗigo yana kutsawa cikin daji. To, sai me? Wa zai kira? Wanda ya kira ɗin, yana da mota, da mai, da mutane, da izinin tashi? Nan ne gizo ke saƙa.

A farkon Satumba, 2025, Gwamna Dauda Lawal ya faɗa a bainar jama'a cewa ya san inda manyan 'yan bindigar jihar su ke, yana iya nuna motsinsu a wayarsa, amma sojoji da 'yan sanda ba daga gare shi su ke karɓar umurni ba, daga Abuja su ke karɓa. Wasu sun yaba masa, wasu sun soke shi, ba namu ba ne mu shiga wannan gardama. Abin da ya shafe mu shi ne, in Gwamna da kansa yana ganin ɗigo a waya amma ya ce hannunsa a ɗaure ya ke, ina ga manomin Kucheri?

Akwai kuma misali na biyu. A Disamban 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN, aka ce da haka za a riƙa gano masu kiran neman fansa. Jama'a suka sha layi a rana, aka toshe layukan waɗanda ba su yi ba. Amma a Janairun 2024 tsohon Ministan Sadarwa, Malam Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka kawo tsarin, ya koka cewa hukumomin tsaro ba su amfani da shi yadda ya kamata. Kamfanin waya kuwa ya san ƙarfen da kowane layi ya yi magana ta kansa, ko da ƙaramar waya ce. Ashe labari yana nan tuli. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tashi da sauri in labarin ya zo, da dabarar fid da mutum daga hannun mai bindiga ba tare da an yi asarar rai ba.

Muna kuma jan kunnen iyaye a kan wani hatsari. Uban da ya ga ɗigon ɗansa a taswira, zuciya tana iya ɗibarsa ya tara 'yan'uwa da samarin gari su bi sawu da bindigar toka. Wannan hanya ce ta mai da makoki ɗaya ya zama goma. Abin da aka gani a waya, a kai shi ga jami'an tsaro da Askarawan Zamfara, waɗanda aka ƙaddamar da fiye da 2,600 daga cikinsu ran 31 ga Janairu, 2024, domin su taimaka wa sojoji da 'yan sanda da sanin ƙasa.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Sa'an nan sai maganar kyauta. Kamfanin da ya ɗauki ma'aikata, ya sayi manyan na'urori, ya ba ka kayansa bai karɓi kuɗi ba, lalle akwai inda ya ke fanshewa. Wasu suna jan mutum ne da na kyauta don ya sayi na kuɗi. Wasu kuwa labarin mutum shi ne hajarsu. A Disamban 2021 wata jaridar Amurka mai bincike, The Markup, ta tona cewa Life360 tana sayar da labarin wuraren da masu amfani da ita ke zuwa ga dillalan irin wannan kaya. A Janairun 2022 kamfanin ya ce zai daina yawancin wannan ciniki. A 2017 Hukumar Sadarwa ta Jamus ta hana sayar da wasu agogunan hannu na yara, domin ana iya sauraron abin da a ke faɗa kusa da yaro ta cikinsu ba da sanin kowa ba. A 2018 kuma aka ga wata manhajar 'yan motsa jiki, Strava, ta fallasa fasalin sansanonin sojojin Amurka a ƙasashen waje, saboda sojojin suna gudu da ita a jikinsu. In haka ta sami manyan ƙasashe masu dokoki da lauyoyi, mu sai mu yi hattara.

A Nijeriya akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023. Ta ce ba a tara bayanan yaro sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa, ta kuma kafa hukumar da za a kai wa ƙara. Doka ce mai kyau, ya kamata malamai su san da ita, musamman in wani ya zo makaranta da takarda yana neman sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu wai zai sa su a wani tsari.

Amma mu a nan, tsoronmu ya fi kusa da dillalan Amurka. Kowa ya sani ba a shiga gari a ɗauki mutum sai da ɗan gari, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka ne dokar da Jihar Zamfara ta yi a Yunin 2022 ta tanadi hukunci mai tsanani har ga masu taimaka wa 'yan bindiga. To, manhajar da ke nuna wa uba inda ɗansa ya ke, haka za ta nuna wa duk wanda aka sa a ƙungiyar, ko wanda wayar ta faɗa hannunsa. A tuna kuma ƙofar biyu gare ta. In an tara iyali duka a wuri guda, ɓarawon da ya karɓe wayar yaro, ya tilasta shi ya buɗe, zai ga inda uba ya ke, da inda uwa ta ke, da gonar da wa ya tafi. Abin da aka sa don tsaro sai ya koma jagoran ɓarawo.

Akwai kuma wahalar tashin hankali a banza. Motar da ta shiga inda ba sabis, ɗigonta zai tsaya kamar an tare ta. Uwa ta gani ta ɗora hannu a ka, kafin a jima labari ya cika unguwa, har wani mazambaci ya samu ƙofar bugo waya ya ce yaro yana hannunsa. Sai a koya wa mutane su duba lokacin da aka rubuta a ƙarƙashin ɗigon, su san ko na yanzu ne ko tsohon labari ne.

Inda ta ke da amfani

Kada wani ya ce mun ce a yar da ita. Akwai waɗanda ta dace da su ƙwarai, watau manyan yara masu tafiya. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko na Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, ko ɗan hidimar ƙasa, ko yaron mota, yawancinsu suna da babbar waya tun da ma, su ne kuma ke bin hanya. A Agustan 2023 an tare wata mota a Zamfara aka ɗauki matasa takwas 'yan Akwa Ibom da ke kan hanyarsu ta zuwa Sakkwato hidimar ƙasa. Ran 22 ga Satumba na wannan shekara aka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Gusau a Sabon Gida, ƙasar Bungudu, aka tafi da fiye da 20, galibinsu mata.

A irin wannan hali, abin da manhaja za ta iya bayarwa shi ne wuri da lokaci. In ɗalibi ya hau mota a Funtuwa ya kunna wa mahaifinsa na sa'a 8, aka ga ɗigon ya wuce 'Yankara, ya tsaya tsakanin Wanzamai da Kucheri da ƙarfe kaza, aka kira ba a samu ba, aka kira direba ba a samu ba, to, mahaifin yana da magana tsayayya da zai kai wa hukuma tun rana ba ta faɗi ba. Da can sai an kwana ana bin tashoshi ana tambaya. Sa'o'in farko kuwa su ne masu tsada, tun ɓarayi ba su yi nisa da mutane a ƙasa ba. A cikin birnin Gusau ma, inda sabis ke da ƙarfi, tana amfani ga yaron da ya yi ɓatan kai, ko wanda hatsarin mota ya rutsa da shi, ko wayar da aka sace.

Sai dai a yi ta da sanin yaro da yardarsa. Saurayi ko budurwar da suka gane ana bin sawunsu a ɓoye, za su koyi barin waya a ɗakin aboki su tafi inda su ke so, ran da za a bukaci gaskiya kuwa sai ɗigon ya yi ƙarya. Malamanmu sun hore mu da kula da abin da aka ba mu kiwo, sun kuma hane mu bin diddigin asirin mutane. Tsakanin waɗannan biyu uba mai hankali zai sami hanya.

Tsohuwar hanya da sabuwa

A zamanin En'e, ba waya ba tauraro, amma baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, malamin hakimi ya rubuta. A makaranta kuwa ana kiran suna da safe, yaron da bai amsa ba a aika gidansu a ji dalili. Ba mu ce komai na wancan zamani daidai ne ba, an yi zalunci a cikinsa, shi ya sa aka yi gyare-gyare har zuwa tsarin ƙananan hukumomi na 1976. Amma yana da abu guda da manhaja ba ta da shi: duk labarin da ya taso, akwai sanannen mutum da ya wajaba ya karɓe shi, ya kuma san wanda zai miƙa wa. Ɗa na kowa ne, in ji masu magana, da haka aka riƙa tsaron yara. Aikinmu yau shi ne mu sa sabuwar na'ura ta yi wa wannan tsohon tsari hidima.

Ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, ga iyaye. Wanda ba shi da halin babbar waya kada ya ci bashi dominta. Ya san sa'ar da yaro ya fita, da wanda suka fita tare, da gefen da suka nufa, da sa'ar da ya kamata su komo. Yara su haddace lambar waya biyu da ka. Wanda ke da hali kuwa, ya kunna nuna wuri don tafiya kaɗai, ga mutum ɗaya ko biyu da ya amince da su, ya kashe in an sauka. Kada a aika shi cikin zauren WhatsApp mai tarin jama'a. Uba ya ga wayar ɗa, amma kada a bar wuraren dukan iyali a buɗe a wayar da ke bin hanya.

Na biyu, ga malaman makaranta. Rajistar safe ita ce manhajar talaka. A kira suna a kan kari, a ajiye lambar uba ko mai riƙon kowane yaro a littafi, a kulle littafin a hannun shugaban makaranta. Yaron da bai zo ba, a bincika kafin hantsi. A kuma koya wa manyan ɗalibai yadda a ke kunna nuna wuri da yadda a ke kashe shi, da hatsarin ba kowa.

Na uku, ga hakimai da dagatai da akawunansu. Kowane gari ya san mutum biyu ko uku da za a kira in abu ya faru, da lambar ofishin 'yan sanda da ta sojoji da ta Askarawa mafi kusa, ban da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. A tsara fita itace da gona a ƙungiya, da babba a ciki, a rubuta yawan waɗanda suka fita. A Wanzamai da farko ma ƙidayar waɗanda aka tafi da su sai da ta ɗauki lokaci.

Na huɗu, ga Gwamnati, ta Jiha da ta Tarayya. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar tsaron makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, ta kuma buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a Abuja a 2023. Duk da haka a Nuwamban 2025 an shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Jihar Kebbi aka ɗauki 25. Muna roƙo a sa ƙarafan sabis su game hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba tsinkewa, a tsare su, a kuma ba jami'an da ke kusa ikon tashi nan take in kira ya zo, ba sai sun jira izini daga nesa ba. In an sake ganin dalilin rufe layuka, a yi tanadin hanyar da gari zai kai kuka. A duba kuma abin da ke kai yaro daji neman itace tun farko.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar da za a kira, da mutumin da zai amsa, da motar da za ta tashi, duk tun yau a ke shirya su. In an shirya, ɗigon nan na taswira zai zama taimako. In ba a shirya ba, iyakarsa ya nuna wa uba daidai wurin da aka raba shi da ɗansa. Allah ya tsare mana zuriya, ya kawo zaman lafiya a Kucheri da ƙasar Zamfara baki ɗaya, amin.